Durƙuson Khaula

Gwarinpa, Abuja
Ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Bappayo, a Kwali.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna Azumi, da garke baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Kasuwar tayil tana nan yadda ka san ta, mai saye na kuka, mai sayarwa na kuka, amma kullum shago a buɗe. Na ba Meshach direba wannan takarda, tunda ka ce waya ta gaisuwa ce, magana kuwa sai a rubuce.

Kawu, ina so ka taya ni yaba wa hukumar da ke yi wa magina rajista. Allah ya yi musu basira. Shekara da shekaru gine-gine na zubewa a garin nan, mu jahilai muna cewa siminti aka rage, ko rodi aka sa siriri. Ashe ba mu gane ba. Sun zauna sun gano cewa asalin ɓarnar daga mai rubuta jarrabawa take, wanda ke waiwayen hagu da dama. To, sun toshe wannan kafa, toshewar da ko iska ba ta wucewa.

Ranar Alhamis ƙanwata Khaula za ta zauna tata jarrabawar. Ba a zaure za ta yi ba, a kwamfuta ne, wata mata na can wani ofis tana kallon ta ta kyamara. Ga ƙa'idojin, don ka ji daɗi. Za ta zauna ita kaɗai a ɗaki. Kafin ta fara, sai ta ɗaga kwamfutar ta nuna musu bango da bango, har ƙarƙashin tebur. Ba takarda, ba waya. Kalandar kamfanin tayil ma na sauke ta daga bango, kada a ce amsa aka ɓoye a tsakanin watanni. Ba magana, ba motsa leɓe. Ba wanda zai shiga. Babbar cikinsu kuwa, fuskarta ba za ta fita daga kyamara ba har a gama. Ko atishawa ta zo mata, sai ta yi ta tana kallon gaba kamar mai hoton fasfo.

Ɗakinta na Mararaba bai yi ba. Injin markaɗe ne a bayan tagarta, ga kuma maƙwabciyarta Rita da ba ta iya wuce ƙofa ba tare da ta leƙa ba. Sai na share mata siton da ke bayan shagona, na kwashe kwalaye, na sa tebur da fanka, na cika janareto da mai. Ni da kaina zan tsaya a ƙofa. Ka san ni, ko ƙuda sai ya nuna mini katin shaida.

Kada ka ɗauka wasa ne don na faɗe shi da wasa. Oga Obadiah, mai kamfanin da take wa aiki, ya samu ginin wani bene a nan Gwarinpa, kuma masu aikin sun ce dole shugaban wurin ya zama magini mai rajista. Ya gaya mata a gabana: in ta samu rajista a wannan zama, ita ce shugaba. In ba ta samu ba, zai ɗauko wani daga waje, ita kuma ta ci gaba da riƙe masa tef ɗin awo. Duk shekarun da ta yi tana shan rana a wurin gini, a wannan Alhamis ɗin za a auna su.

Don haka muna roƙon addu'arka. Amma don Allah kada ka wahalar da kanka da hanyar nan, ga zafi, ga cunkoso. Addu'arka tana isowa daga Kwali ba sai ta hau mota ba.

Ka huta lafiya. A gaida Inna.

Ɗanka,
Ɗangoggo

*

Kwali
Ranar Juma'a

Zuwa ga Ɗangoggo.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan alheri gare ka da iyalinka.

Ina sanar da kai na iso gida lafiya jiya. Takardarka ta same ni, na ga ka ce kada in wahalar da kaina. Wannan ladabi ne, na gode. Amma ba a bar yarinya ta shiga babban al'amari ba tare da hannun babba a kanta ba. Uwarku ba ta raye, ni na rage.

Na zo shagonka ban same ka ba. Maƙwabcinka mai sayar da fenti ya nuna mini kai can tsallaken titi, kana ciniki da wani mai babbar riga, hannuwanka na tashi sama. Ban so in katse maka nema ba. Na zagaya baya, na yi sallama a ƙofar siton, ba a amsa ba, sai na tura.

Na ga Khaula. Tana ganina ta sauka daga kujera ta durƙusa har ƙasa, yadda aka koya mata. Ba ta ce uffan ba, na san nauyin ranar ne ya riƙe mata baki. Na ɗora hannu a kanta, na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa mata. Na ga hawaye a idonta. Ban zauna ba, ko ruwa ban nema ba, na ja mata ƙofa na tafi.

Zuciyata ta yi sanyi. Birni bai ɓata ta ba, karatu bai ɗaga mata kai ba. Ka sanar da ni in sakamako ya fito.

Wassalam.

Kawunku,
Bappayo

*

Gwarinpa
Ranar Talata

Zuwa ga Kawu Bappayo.

Ina gaisuwa, ina neman afuwa tun kafin in fara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Kawu, addu'arka ta iso, kuma an gan ta. Har an naɗe ta a bidiyo, an ajiye a ofis.

Bari in gaya maka abin da kyamara ta gani, don ba abin da ka gani ba ne. Ta ga mai jarrabawa tana amsa tambaya, sai ta waiga. Sai ta ɓace ƙasa, wajen ƙarƙashin tebur, inda duk mai satar amsa yake ajiye arzikinsa. Kujera ta zauna ita kaɗai. Sai ga wani dattijo ya shigo cikin hoto, ya sunkuya, ya miƙa hannu ƙasan teburin, leɓensa na motsi, ya daɗe yana faɗa mata wani abu da makirufo bai kama ba. Sai ya fita. Sai yarinya ta dawo kujera tana share ido. Kafin ta taɓa komai, an rufe mata shafi.

Batun ƙofa kuwa, ina nan tsaye daram, sai ga wani Alhaji daga Kubwa yana neman tayil na gida guda, ya ce sai ya ga kayan da idonsa a sito na biyu. Tsallaka titi kawai na yi. Wanda ya san kasuwa ya san ba a ce wa irin wannan baƙo dawo anjima. Kuma duk ƙasar nan mutum ɗaya ne zai iya tura ƙofar nan Khaula ta kasa ɗaga masa hannu ya koma, shi ne kuma na rubuta wa takarda.

Jiya na je ofishinsu. Na samu matar da ta sa ido a kanta, Madam Perpetual sunanta, 'yar Filato ce, tana jin Hausa. Na fara da yabon takalminta, ta ce in faɗi abin da ya kawo ni.

Na ce, “Madam, yarinyar nan ko a firamare ba ta taɓa leƙa takardar wani ba.”

Ta ce, “Oga, ni ban ce ya yi sata ba. Na rubuta abin da na gani. Fuska ya tafi, mutum ya shigo. Kwamiti ne zai yanke.”

Na ce, “To kwamitin nan, suna shan lemo?”

Ta dube ni ta saman tabarau har sai da na gyara hulata.

Amma ban fito hannu rabbana ba, na karanto ƙa'idar da kyau. Shigowa iri biyu ce a wurinsu. In baƙo ne ya ɓata hanya ya faɗo ɗaki, tsautsayi ne, a ba ta wata rana ta sake. In kuwa ɗan'uwa ne ko abokin aiki, sai a ɗauka taimako ya kawo, a soke jarrabawar, a kuma iya hana ta zama na wani lokaci mai tsawo. Oga Obadiah ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen wata, ba don yana so ba, don ya san aikinta. Bayan nan ba ruwansa.

Ga shawarata, kuma ka karanta ta da sanyin rai. Kwamiti na son jin ta bakin wanda ya shiga. Ka zo ka ce kai makiyayi ne daga bayan gari, ka zo sayen kan famfo, ka ɓata ƙofa. Ba ka san ta ba, ba ta san ka ba. Sunkuyon da ka yi, sandarka ce ta faɗi. Ita kuma ta ce wayar caji ce ta zare ta sunkuya ta mayar. Sunanka ba ya cikin takardunta, sunan mahaifinmu take amfani da shi. Ba wanda zai cutu. Magana ce ta ɗan lokaci a gaban mutanen da ba za ka sake gani ba, in an fito kuma kawu yana nan kawunsa.

Ni kullum a kasuwa ina ce wa tayil ɗin Sin ɗan Italiya, kuma har yau ba wanda ya zame a kansa ya mutu.

Ina jiran amsa ta hannun Meshach. Allah ya huci zuciyarka.

Ɗanka mai biyayya,
Ɗangoggo

*

Kwali
Ranar Alhamis

Ɗangoggo,

Wa alaikumus salam.

Na karanta takardarka. Na ajiye ta, na je na duba shanu, na dawo na sake karantawa.

Abin da na jawo wa yarinyar nan ya dame ni ƙwarai. Ashe hawayen da na gani ba na abin da na zata ba ne. Da ka rubuta mini a fili cewa shigata za ta ɓata mata, da ko Gwagwalada ban isa ba. Ka lulluɓe magana cikin ladabi, ni kuma na ɗauki ladabin na bar maganar.

Amma abin da ka nema ba zan yi ba. Ranar da aka binne uwarku, a kafaɗata Khaula ta yi barci. Ni na kai ta makaranta da hannuna lokacin da dangi ke cewa mace ba ta hawa gini. Ba zan tsaya gaban mutane, tana zaune tana ji, in ce ban san ta ba. Wanda ya ce bai san ɗansa ba don a ba ɗan takarda, takardar ce ta zama uba.

Kuma kai mai wayo, ka duba da kyau. Sun ga na daɗe a sunkuye leɓena na motsi. Wace sanda ce ake yi wa magana kafin a ɗauke ta?

Ka faɗa mini ranar zaman kwamitin. Zan zo in yi musu bayani da kaina. In akwai dattijo a cikinsu, zai gane.

Bappayo

*

Mararaba
Ranar Asabar

Zuwa ga Kawuna,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya.

Yaya Ɗangoggo ya nuna mini takardarka. Ban san da shawarar da ya ba ka ba sai yanzu, kuma da ka yarda ma ni ba zan yarda ba.

Kawu, zan faɗi wata magana da ban taɓa faɗa maka irinta ba, ka yafe mini. Kada ka zo. Ba don zafi ko cunkoso ba. In ka shigo ɗakin kwamitin ina tsaye ina bayani, zan sake durƙusawa, bakina zai mutu, kai za ka yi magana a madadina. Su kuwa abin da suke son gani shi ne ko zan iya tsayawa in amsa da kaina, tunda gini za a damƙa mini da ma'aikata a ƙarƙashina.

Da na ji sallamarka a ƙofa na san abin da zai faru. Na tuna ƙa'ida sarai. Gwiwata ce ta riga ni.

Zan gaya musu kai wane ne. Abin da suka yanke, shi ke nan.

Ka sa ni a addu'a daga nan inda kake.

'Yarka,
Khaula

*

Gwarinpa
Ranar Laraba

Zuwa ga Kawu Bappayo.

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ka yi fushi da ni, Meshach ya ce ko nonon da ka saba aiko mini ba ka ba shi ba. Na karɓi hukunci.

An yi zama. Sun bar ni na shiga bisa sharaɗin in yi shiru, wanda shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi a Abuja. Suka kunna bidiyon a babban allo. Kawu, ka yi kyau a ciki, rawanin ya zauna.

Shugaban kwamitin ya ce, “Wane ne wannan?”

Khaula ta ce, “Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shi ya rene ni.”

Na cire hulata na riƙe ta a hannu.

Ya ce, “Me ya faɗa miki?”

Ta ce, “Addu'a ya yi.”

“Me ya sa ba ki ce masa ya fita ba?”

“Ƙa'ida ta ce ba magana, yallaɓai.”

Wani a gefe ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Shugaban ya ce, “Kin kiyaye ta magana, kin karya ta fuska. Don me?”

Ta ce, “Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba.”

Sai suka juya ga Madam Perpetual. Ni na riga na sallama, don na san irin kallon da ta yi mini. Ta ce ta sake kallon hoton a hankali. Hannun dattijon ya sauka ba komai a ciki, ya tashi ba komai a ciki, kuma tambayar da ke kan allo yarinyar ta riga ta amsa ta kafin ya shigo. Ta ce, “A garinmu ma haka muke gaida babba. Amma rahoto na ba zan canja ba, fuska ya fita.”

Suka kore mu waje, suka daɗe, suka kira mu. An soke waccan jarrabawar. Ba a hana ta zama ba. An rubuta mata gargaɗi, kuma za ta sake a zaurensu, gaban masu sa ido, tare da waɗanda intanet ya yanke musu. Ranar ta faɗo kafin wa'adin Oga Obadiah, da ƙyar. Amma sun ce in aka sake ganin ta ta motsa daga kujera ko don wa, nan take za a kore ta, ba sai an kira kwamiti ba.

A hanya na gaya wa Khaula yabon takalmin da na yi ne ya tausasa Madam. Ta ƙara sauri ta bar ni a baya.

Ka gaida Inna. Batun nono kuma a sake dubawa.

Ɗanka,
Ɗangoggo

*

Kwali
Ranar Juma'a

Zuwa ga 'yata Khaula.

Assalamu alaikum. Na ji yadda aka yi. Kin faɗi sunana a inda faɗinsa ke da tsada. Allah ya yi miki albarka.

Ba zan taka Abuja ba sai kin gama. Kuma ga umarni: ranar nan, daga lokacin da kika zauna har ki tashi, na ɗauke miki gaisuwa. Ko wa ya shigo, ko mai furfura har gwiwa ne, ko ni ne, kada ki ɗaga ido. In akwai laifi a ciki, a wuyana yake.

Kawunki,
Bappayo

*

Gwarinpa
Ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Bappayo.

Gaisuwa mai yawa, da albishir. Khaula ta ci. Sunanta ya shiga rajista, Oga Obadiah ya damƙa mata aikin benen. Yau da safe na gan ta da farar hular kwano tana mayar da tipar yashi, wai akwai laka a ciki.

Sai dai akwai 'yar magana da Madam Perpetual ta tsegunta mini, don yanzu muna gaisawa. Ana tsakiyar jarrabawa, wani tsoho daga manyan hukumar, Baba Kure, ya shigo zauren zagayen gani da ido. Masu sa ido suka zube suna gaisuwa. 'Yan jarrabawa suka ɗan ɗaga daga kujerunsu, wasu har da cire hula. Ba a rubuta sunan kowa ba. Khaula ce kaɗai a layin gaba ba ta motsa ba. Ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Idonta na kan allo.

Da ya fita sai ya ce a binciko masa yarinyar nan 'yar gidan wa ce, da ba a koya mata gaida manya ba. Yana son ya aika wa wanda ya rene ta saƙo.

Na ce wa Madam ta ba ni lokaci in tambayo. To Kawu, sunan wa zan ba su?

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Ɗangoggo